Yadda Ake Auna Kuskuren Agogon Cikin Na'ura da Yadda Ake Gyara Shi

Duk na'urar da ke tuna lokaci bayan an kashe ta, ko kwamfuta ce, ko mitar wutar lantarki, ko na'urar naɗar bayanai, tana da ɗan ƙaramin agogo a cikinta wanda masu sana'ar lantarki ke kira RTC. Wannan agogo yana ci gaba da ƙirga daƙiƙoƙi da ƙarfin ƙaramin batir ko da babu wuta, kuma haka tsarin yake a kwamfutoci tun daga IBM PC/AT ta shekarar 1984, wadda ta zo da guntun Motorola MC146818, wato 'yar ƙaramar da'irar lantarki da ke ɗauke da agogon. Matsalar da kowa ke cin karo da ita ita ce, agogon da aka saita daidai yau, bayan wata biyu sai a tarar ya yi gaba ko ya ja baya da minti ɗaya ko biyu. Yawancin masu haɗa na'ura da zarar sun ga haka sai su canza guntun gaba ɗaya, ko su riƙa sake saita lokaci da hannu duk mako. A ganina wannan gaggawa ce, domin kuskuren irin wannan agogo yakan tafi bisa ƙa'ida, kuma yawansa da ɓangaren da ya karkata su ne ke nuna inda cutar take. Saboda haka aikin yana farawa ne daga awo.

Kafin a kai ga awon, ya kamata a san abin da ake aunawa. Zuciyar agogon wani ɗan siririn dutsen kwatz ne da aka yanka mai reshe biyu, aka rufe shi cikin ƙaramin gwangwani, wanda ake kira kiristal. Idan wuta ta ratsa shi sai ya riƙa kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. An zaɓi wannan adadi ne domin idan aka raba shi biyu, aka sake raba sakamakon biyu, har sau 15, abin da zai rage shi ne bugu ɗaya tak a daƙiƙa, kuma rabawa biyu ita ce lissafi mafi sauƙi ga da'irar lantarki. Guntun agogon ba ya da wata hanya ta sanin ko kiristal ɗin ya yi daidai. Duk lokacin da ya ƙirga kaɗawa 32,768, a wurinsa daƙiƙa ta cika, ko da a gaskiya kiristal ɗin yana kaɗawa sau 32,768.5 ne.

Ana auna wannan bambanci da ma'aunin kashi cikin miliyan, wanda ake taƙaitawa da ppm. Tunda akwai daƙiƙa 86,400 a kwana guda, ppm 1 daidai yake da daƙiƙa 0.0864 a rana, wato kimanin daƙiƙa 2.6 a wata, ko daƙiƙa 31.5 a shekara. Kiristal na yau da kullum ana sayar da shi da alƙawarin cewa kuskurensa ba zai wuce ppm 20 ba, gaba ko baya, a zafin digiri 25 na ma'aunin Salsiyas. Idan aka lissafa, ppm 20 ya kai daƙiƙa 1.7 a rana, kusan daƙiƙa 52 a wata, da minti goma da rabi a shekara. Don haka agogon da ya yi gaba da daƙiƙa arba'in a wata lafiyarsa ƙalau bisa abin da masana'anta ta yi alƙawari, sai dai idan aikin da ake so ya yi ya fi ƙarfin wannan alƙawari.

Mataki na farko: saita agogon daidai

Dole ne a bambance kuskure iri biyu. Akwai tazarar da aka shigar tun ranar saitawa, wadda ba ta ƙaruwa, akwai kuma zamewar da ke taruwa kullum. Wanda ya saita agogonsa da jinkirin daƙiƙa goma sha biyu zai ga wannan jinkiri gobe da jibi, kuma ba laifin kiristal ba ne. Wannan yakan faru sosai ga masu amfani da allunan Arduino, wato ƙananan allunan lantarki da ake loda wa manhaja, domin misalan manhaja da yawa suna ɗaukar lokacin da aka harhaɗa manhajar a kwamfuta su rubuta shi cikin agogon, alhali kafin a gama loda ta an riga an ɓata daƙiƙoƙi da dama. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan aka bar layin saitawar a cikin manhajar, duk lokacin da na'urar ta sake tashi sai agogon ya koma wancan tsohon lokaci, mai na'ura kuwa ya ɗauka agogonsa ne ke yin latti. A cire wannan layi bayan an saita, a sake loda manhajar ba tare da shi ba.

Sai a nemi agogon da za a gwada da shi, wanda ya fi wanda ake aunawa inganci nesa ba kusa ba. Kwamfutar da ke karɓar lokaci daga intanet ta hanyar NTP, wato tsarin daidaita agogo ta intanet, ta wadatar ga yawancin ayyuka, domin kuskurenta bai cika wuce ɗan ƙaramin kaso na daƙiƙa ba, kuma ba ya taruwa. Wanda ke da na'urar karɓar saƙon GPS mai ƙafar PPS (ƙafa ita ce ɗan tsinken ƙarfe da ake haɗa waya a kai) ya fi kowa sa'a, domin wannan ƙafa tana ba da bugu ɗaya a farkon kowace daƙiƙa da daidaiton da ya wuce duk abin da agogon kwatz zai buƙata. A guntayen agogo irin su DS1307 da DS3231, rubuta sabon adadi a rajistar daƙiƙa, wato wurin da guntun ke ajiye adadin daƙiƙa, yana sa ƙirgar cikin guntun ta faro daga tushe, don haka idan aka aika rubutun a daidai lokacin da daƙiƙar agogon gwaji ta sauya, su biyun za su tashi kafaɗa da kafaɗa.

Mataki na biyu: awo da haƙuri

A rubuta ranar da aka saita da lokacin, a bar na'urar a wurin da za ta yi aiki, kada a taɓa ta. Tsawon jiran yana da muhimmanci ƙwarai. Idan da ido ake kwatanta agogo biyu, kuskuren karatu yakan kai rabin daƙiƙa, kuma rabin daƙiƙa a kwana ɗaya ya kusa ppm 6, wato awon kwana ɗaya ba zai faɗi komai ba game da agogo mai kyau. Idan kuwa aka jira kwana 14, wannan rabin daƙiƙa ya koma kimanin ppm 0.4, wanda za a iya aiki da shi. Ni nakan duba sau ɗaya kowace rana a kusan lokaci guda, in rubuta tazarar tare da zafin wurin, domin jerin adadin yana nuna abin da adadi ɗaya na ƙarshe zai ɓoye.

Lissafin kansa ba shi da wuya. A raba daƙiƙoƙin da agogon ya kauce da jimillar daƙiƙoƙin da suka wuce, a ninka da miliyan ɗaya. A ce bayan kwana 14 agogon ya yi gaba da daƙiƙa 19. Kwana 14 daƙiƙa 1,209,600 ne, kuma 19 cikin wannan adadi ya ba da ppm 15.7 na sauri. A riƙe wannan adadi, za a dawo kansa.

Akwai hanya mafi sauri ga mai na'urar ƙirga kaɗawa. Yawancin guntayen suna da ƙafar da ke fitar da bugu, kamar ƙafar SQW ta DS1307, wadda za a iya umarta ta ba da bugu 1, ko 4,096, ko 8,192, ko 32,768 a daƙiƙa, kuma tana buƙatar resista da zai ja ta zuwa layin wuta kafin a ga komai. A kaɗawa 32,768, ppm 1 bai wuce 0.033 ba, saboda haka na'urar ƙirgar tana buƙatar nuna lambobi uku bayan ɗigo, kuma nata agogon na ciki ya zama ya fi wanda ake gwadawa, in ba haka ba kuskurenta ne za a karanta a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Abin da ba a yi ko kusa shi ne ɗora tsinken osiloskof, na'urar da ke nuna siffar bugun lantarki, a kan ƙafafun kiristal ɗin kai tsaye. Tsinken yana ƙara wa da'irar nauyin da ya kai pikofarad goma ko fiye (pikofarad ma'aunin ƙarfin riƙe cajin lantarki ne), wanda ya isa ya sauya kaɗawar ko ya tsayar da ita ɗungurungum.

Mataki na uku: karanta abin da awon ya nuna

A nan ne ya kamata a daɗe. Idan tazarar tana ƙaruwa da adadi kusan ɗaya kowace rana, kuma ba ta wuce ppm 20 ba, to wannan kuskuren masana'anta ne, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa.

Idan agogon yana gudu sosai, kamar daƙiƙa biyar zuwa takwas a rana, abin da za a fara tuhuma shi ne nauyin kafasita, wato ƙarfin riƙe cajin da da'irar ke ɗora wa kiristal. Kowane kiristal an yanka shi ne domin ya kaɗa daidai idan ya ga wani takamaiman nauyi a ƙafafunsa, kuma mafi yawa a kasuwa su ne na pikofarad 12.5 da na pikofarad 6, ko da yake akwai na 7 da na 9. Idan nauyin da da'irar ta ba shi ya gaza abin da yake buƙata sai ya yi sauri, idan ya zarce sai ya yi jinkiri. DS1307 yana son kiristal na 12.5, DS1302 kuwa na 6 yake so, kuma dukansu kafasitocinsu suna cikin guntun, ba a ƙara musu na waje. Ga ido, kiristal ɗin biyu ba su da wani bambanci, gwangwani ɗaya ne, sau da yawa ma babu rubutu a jikinsu. Na taɓa ciro ɗaya daga wani mataccen allo na liƙa wa DS1302, agogon ya tashi nan take, na ɗauka an gama. Bayan mako guda sai na tarar ya yi gaba da kusan daƙiƙa hamsin. Na sake duba manhaja layi-layi, na canza batir, na canza wayoyi, duk a banza, sai da na sa kiristal na pikofarad 6 sannan saurin ya sauko zuwa ƙasa da daƙiƙa ɗaya a rana.

Ga maikrokwantirolar (ƙaramar kwamfuta a guntu ɗaya) da ke buƙatar kafasita biyu na waje, ana lissafa nauyin ne kamar haka: a ninka kafasitocin biyu, a raba da jimillarsu, sannan a ƙara ɓoyayyen nauyin da layukan allo da ƙafafun guntu ke kawowa, wanda yakan kai pikofarad 2 zuwa 5. Idan kiristal na 12.5 ne, kuma aka ƙiyasta ɓoyayyen nauyin a 3, saura 9.5, wato kowace kafasita ta zama ta 19, kuma mafi kusa da ake samu ita ce ta 18. Tunda ɓoyayyen nauyin ƙiyasi ne, sai a gwada a gani. Idan agogon ya yi sauri a ɗan ƙara girman kafasitocin, idan ya yi jinkiri a ɗan rage.

Akwai wani sauri na daban wanda ba ya bin ƙa'ida: yau daƙiƙa biyu, gobe goma sha ɗaya, jibi babu komai. Wannan alamar hayaniyar lantarki ce. Da'irar kiristal tana aiki da wuta ƙanƙanuwa ƙwarai domin batir ya daɗe, shi ya sa duk wani layi mai saurin bugu da ya wuce kusa da ita zai iya cusa mata bugun da ba nata ba, guntun kuma ya ƙirga shi. Hanyar tabbatarwa ita ce a kashe babbar wutar na'urar, a bar agogon a kan batir kaɗai na 'yan kwanaki. Idan saurin ya ɓace, an kama ɓarawon. Maganin yana ga tsarin allo: kiristal ya zauna dab da ƙafafun guntun, layukansa su zama gajeru, a kewaye su da layin ƙasa, wato layin sifili na wutar allon, kada wani layin saƙo ya bi ta ƙarƙashinsu, a kuma haɗa gwangwanin da ƙasa idan an tanadi wurin yin haka.

Jinkiri kuma yawanci aikin zafi ne ko sanyi. Kiristal mai reshe biyu yana kaiwa ƙololuwar saurinsa a wajen digiri 25, kuma ko zafi ya hau ko ya sauka daga nan, jinkiri yake yi, ba ya taɓa ƙara sauri. Ƙa'idar ita ce a ɗauki tazarar zafin daga 25, a ninka ta da kanta, a ninka da kimanin 0.034, abin da ya fito shi ne ppm na jinkiri. A digiri 35 jinkirin ppm 3.4 ne kacal, wanda ba kowa zai lura da shi ba. A digiri 45 ya zama 13.6, a digiri 60 ya kusa 42, wato daƙiƙa 3.6 a rana, a daskarewar ruwa kuma, digiri 0, kimanin 21. Abin lura shi ne zafin da ake magana a kai na jikin kiristal ne, ba na ɗaki ba. Allon da aka rufe cikin akwati kusa da tiransifoma ko guntun daidaita wuta zai iya fin ɗakin zafi da digiri goma sha biyar ko ashirin, kuma sau da yawa matsar da agogon zuwa ɗaya gefen allon ya fi kowace dabarar manhaja amfani.

Agogon da yake tsayawa lokaci-lokaci, har ya yi asarar mintoci a tashi ɗaya, batunsa daban ne. A duba batir da mazauninsa, a duba ragowar man dalma ko danshi tsakanin ƙafafun kiristal, a goge da barasar goge allo a bar shi ya bushe sarai. Kada a wanke allon a injin wanki mai girgiza da sauti, domin kaɗawar irin wannan inji tana kusa da ta kiristal ɗin kuma tana iya lalata rassansa. DS3231 yana da alamar OSF a rajistarsa wadda ke tashi idan kaɗawar ta taɓa tsayawa, kuma ya kamata manhaja ta riƙa duba ta duk lokacin da na'ura ta tashi. DS1307 kuma yana da alamar CH, wadda idan tana kan 1 agogon a tsaye yake, sai an mayar da ita 0.

Mataki na huɗu: gyaran

A koma ga misalin ppm 15.7 na sauri. Idan guntun ba shi da wurin gyara, kamar DS1307, manhaja ce za ta ɗauki nauyin. Daƙiƙa 19 cikin 1,209,600 na nufin daƙiƙa ɗaya a kowace 63,663, wato kimanin awa 17 da minti 41. Ana iya rage daƙiƙa ɗaya daga agogon duk bayan wannan tsawon lokaci, amma na fi son a bar agogon yadda yake, a adana ranar da aka saita shi tare da adadin ppm, sannan duk lokacin da aka karanta lokaci a lissafa abin da ya taru a cire. Ta wannan hanya gyaran yana aiki har ga kwanakin da na'urar ta yi a kashe, kuma ba a rasa ɓurɓushin daƙiƙa wajen sake rubuta rajista. Haka umarnin hwclock na Linux yake yi, inda yake adana adadin zamewar a fayil ɗin /etc/adjtime.

Wasu guntayen suna da gyara na cikin gida, inda suke tsallake wasu bugu ko su ƙara. A PCF8523 na kamfanin NXP, kowane mataki ɗaya ppm 4.34 ne a tsarin da ke gyarawa sau ɗaya duk awa biyu, don haka 15.7 zai buƙaci mataki 4, saura kimanin ppm 1.7 ya rage a ɗaya ɓangaren. A yawancin maikrokwantirolar STM32 gyaran ya fi laushi: cikin kowace daƙiƙa 32 akwai bugu 1,048,576, kuma tsallake ɗaya daga ciki ppm 0.954 ne, saboda haka tsallake 16 zai kusa share kuskuren. A tuna cewa irin wannan gyara ba ya taɓa kiristal ɗin kansa, don haka wanda ya auna ƙafar da ke fitar da 32,768 kai tsaye ba zai ga canji ba, sai ya sake yin awon kwanaki. A kuma karanta takardar bayanan guntun a kan alamar ƙari da ragi, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kanta ba, kuma wanda ya juya ta zai ninka kuskurensa biyu.

Duk waɗannan gyare-gyare suna aiki ne a zafin da aka yi awon. Idan na'urar za ta zauna inda zafi ke hawa da sauka sosai, ya fi dacewa a koma ga guntun da ke gyara kansa. DS3231, wanda asalinsa na Maxim ne kafin Analog Devices ya sayi kamfanin a 2021, yana ɗauke da kiristal da ma'aunin zafi a cikinsa, yana auna zafin duk daƙiƙa 64 ya daidaita nauyin kafasitocinsa. Alƙawarinsa ppm 2 ne tsakanin digiri 0 da 40, wato kusan minti ɗaya a shekara, da ppm 3.5 daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85. A lura da harafin ƙarshe wajen saye, domin DS3231M ba kwatz yake amfani da shi ba, kuma nasa alƙawarin ppm 5 ne. Shi ma DS3231 ana iya ƙara gyara shi ta rajistar tsufa, inda kowane mataki ya kai kimanin ppm 0.1 a digiri 25, kuma adadi mai alamar ƙari yana rage masa sauri. Agogon da ya yi gaba da daƙiƙa 2 cikin kwana 30 yana da ppm 0.77, sai a rubuta masa 8.

Akwai tarko ɗaya a ƙananan allunan DS3231 da suka cika kasuwa. Da yawansu suna da resista da dayod da ke tura wuta cikin batir, domin an tsara su ne don batirin LIR2032 mai karɓar caji. Idan aka sa musu batirin CR2032, wanda ba a yi masa caji, kuma aka ba allon wuta ta bolt 5, batirin yakan kumbura ya mutu da wuri. A cire resistan ko dayod ɗin da kan dalma kafin a sa CR2032.

Bayan kowane gyara a sake saita agogon, a maimaita awon kwana 14, domin da wuya a dace a karon farko. Idan sakamakon ya gamsar, a rubuta adadin gyaran da ranar da zafin da aka yi awon a cikin manhaja ko a jikin akwatin na'urar. Kiristal yana tsufa, kuma masana'antu da yawa suna ba da har ppm 3 na canji a shekararsa ta farko, daga nan canjin ya riƙa raguwa, don haka a sake awon bayan shekara guda a sabunta adadin. Idan kuma an taɓa kiristal ɗin da kan dalma, ko na'urar ta faɗi ƙasa da ƙarfi, tsohon adadin ya tashi aiki, sai a faro awon daga farko.